Sallamar Na'urar Kabo da Rigar Aro

Riga ɗaya ce ta fita kunya da ta taɓa hawa jikina a shekarun samartakata, ita ma ba tawa ba ce. Shadda ce ruwan toka, doguwa har idon sawu, an yi mata aiki da farin zare a wuya da bakin aljihu, tana da hularta da ta shiga da ita. Ta taubashina ce, ɗan gwaggona da ke zaune a Kabo. Ya fi ni faɗin kafaɗa, don haka in na sa ta sai in riƙa ɗaga hannuwa ina gyara mata zama, masu kallo su ɗauka yanga nake yi.

Lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da shari'a ba, rayuwa kuma ta yi tsanani. Ma'aikata sai wata ya riski wata ba su ga albashi ba, fetur sai a galan a bakin titi, wuta kuwa in ta zo sai ka ji unguwa ta ɗauki ihu. A haka na gama karatun kwamfuta a Kano na dawo Gwarzo da takardata da 'yan riguna waɗanda wanki ya gama cinye launinsu. Allah ya taimake ni wani Alhaji ɗan garinmu ya buɗe shagon kwamfuta, ya kafa ƙaton faranti mai kallon sama a bayan shagon, ya kuma buɗe reshe a Kabo. Ya sa aka kafa dogon ƙarfe a can da nan, shagunan biyu suna magana da juna ta iska. Ni ke riƙe da na Gwarzo, taubashina na riƙe da na Kabo. Tun muna yara kowannenmu yake kiran ɗan'uwansa bawana, har yau ba a yanke hukuncin wanda ya mallaki wani ba.

A shagon Kabo na fara ganin 'yar Malam. Na je gyaran firinta, ita kuma ta kawo tambayoyin jarrabawar Islamiyya a buga mata, don tana koyarwa a makarantar mahaifinta. Firintar da za ta gyaru kafin a sha ruwa, ranar sai da ta ci min yini. Daga baya kawuna ya je ya nema min izini, aka ba ni damar zuwa zance ran Asabar bayan la'asar.

Ga yadda Asabar ɗina take. In hau mota daga Gwarzo da koɗaɗɗiyar rigata, in sauka a Kabo in zarce shago, in shige bayan kwalaye in tuɓe. Taubashina ya miƙo min shaddar yana cewa, "Bawana, a hankali, jiya ta je masallaci, har yanzu da alwalarta." Shi yake sa ta ran Juma'a, ni in sa ran Asabar. In fito ina taku ɗaya-ɗaya zuwa zauren Malam kamar wanda ya bar mota a kan kwana. In an gama zance in dawo bayan kwalaye in koma ainihina. Ban taɓa zama na yi tunanin abin ba, ni dai na ga tsari ne mai kyau, kuma na ɗauka daga ni sai shi muka sani.

Da maganar turo magabata ta taso, Malam ya ƙi cewa e, ya ƙi cewa a'a. Ya ce wa kawuna, "Yaron ba ni da ta cewa a kansa. Amma sai na ga sana'arsa da idona." Ba laifinsa ba ne. Yana cikin dattawan da aka ɗora wa sa ido a kan gidajen kallo a garinsu, kuma a wancan lokaci mutane da yawa ba su bambance shagon kwamfuta da gidan kallo ba. Ana ta kawo labarin abin da samari ke buɗewa a irin shagunan nan a birni. Malam ba zai ba da 'yarsa ga mai tsaron irin wannan wuri ba. Ya ce akwai ranar da zai shigo Gwarzo, zai biyo. Aurena gaba ɗaya ya rataya a kan wannan biyowar, ni kuma na sani.

Sai in ɗan koma baya in faɗi labarin ɗan aikena, don shi ya ja min.

A shagon Kabo akwai wata kwamfuta da ba a zama a gabanta, tana ƙarƙashin tebur, ita ke raba wa sauran layi. Ita muke ce wa na'urar Kabo. Aikina ne in tabbatar tana raye. Da farko duk lokacin da Alhaji ya tambaye ni ko Kabo na aiki, sai dai in hau mota in je in gano, ga kuɗin mota ya yi tashin da ba a magana, wayar hannu kuwa a garinmu sai ka hau tudu kafin ta kama. Akwai hanyar da muke shiga na'urar daga nesa, ana ce mata SSH. Kana zaune a Gwarzo ka ƙwanƙwasa wata ƙofa ta na'urar, mai lamba ashirin da biyu, ka faɗi sunanka da kalmar sirri, ta buɗe maka ka yi aikinka kamar kana gabanta. Kafin ta tambaye ka kalmar sirrin, tana nuna maka wasu layuka na gaisuwa da gargaɗi, waɗanda mai na'ura ya rubuta ya ajiye. Wannan rubutun a bakin 'yan sana'armu sunansa bana. Ni na rubuta na Kabo da hannuna. Sallama ce a sama, sannan: "Wannan na'urar aiki ce. In ba a ba ka izini ba ka koma. Allah yana ganinka."

Sai na ce me zai hana in rubuta ɗan shirin kwamfuta, ya zama ɗan aikena, da zai riƙa zuwa da kansa yana ɗauko min wannan gaisuwar. In ya dawo da ita, Kabo na raye. In ya dawo hannu biyu, ko wuta ce babu ko iska ta juya ƙarfe. Na ɗauka aikin shan shayi ne. Na rubuta shi ya buɗe ƙofar ya saurara kawai. Ya je ya dawo min da layi ɗaya tal, inda na'urar ke faɗin irin SSH ɗin da take ji da shi, daga nan ta yi gum. Babu sallama, babu gargaɗi. Na ce ya ƙara jira, ya jira har ta gaji ta rufe ƙofarta. Na zagi na'urar, na zagi wanda ya ƙera ta, na zargi taubashina da goge min rubutu. Ni mutum ne mai saurin fushi, kuma na fi iya fushi da abin da ba zai rama ba.

Sai da na nutsu na karanta yadda abin yake tafiya na gane wautata. Layin farkon nan leƙowa ce kawai. Bayan shi sai ɓangarorin biyu sun yi musayar makullai, sun koma magana a asirce yadda na gefe ba zai ji ba. Sannan sai baƙo ya faɗi sunansa ya ce yana neman iso. A nan ne, kuma sai a nan, na'urar ke sakin gaisuwarta. Ba ta bukatar kalmar sirri kafin ta gaishe ka, amma ba ta gaida wanda bai ce ga ko shi wane ne ba. Ɗan aikena ashe zuwa yake ya tsaya a ƙofar mutane ya yi zuru, yana jiran masu gida su fara. Na gyara shi: ya je, ya yi musayar makullan, ya faɗi sunana, ya karɓi gaisuwar, ya juyo ba tare da ya shiga ba. Ranar da sallamar Kabo ta fito a allona na Gwarzo, na tashi na zaga shagon ni kaɗai ina murna.

Kuskurena shi ne da na nuna wa taubashina inda rubutun yake a ajiye. Cikin mako guda ya mayar da banar nan allon tsokana. In zo da safe in aiki ɗan aike, ya dawo min da, "Assalamu alaikum. Bawana, ka yi wanka kuwa yau?" Ko kuma, "Assalamu alaikum. Na ga Malama ta wuce, ba ta tambaye ka ba." Sallamar dai bai taɓa cire ta ba, ya ce shi ba ya wasa da addini. Ina jin daɗin abin, ba zan ɓoye ba. Ba mu da wata hanyar hira da ta fi wannan sauƙi.

Da aka aiko cewa Malam zai biyo ran Laraba bayan azahar, na sa taubashina ya rantse zai mayar da rubutun asali. Ya rantse. Ya kuma ba direban motar Kabo shaddar da hular a leda, aka kawo min ran Talata. Alhaji ya sa aka share shago, aka juya duk allunan kwamfuta suna kallon ƙofa yadda mai wucewa ma zai ga abin da ake yi. Da safiyar Laraba na aiki ɗan aike ya dawo ba komai, na san Kabo babu wuta. Ban damu ba. Na shiga wanka na biyu, na sa riga, na karya hula.

Malam ya iso shi kaɗai, da 'yar jakarsa ta fata da lema a hammata. Dogo ne siriri, ba ya ɗaga murya, in yana magana sai ka matso. Na durƙusa har ƙasa na gaishe shi, aka yi gaisuwar gida da ta hanya da ta ɗalibai, Alhaji ya karɓe ya sake wata sabuwa. Aka ba shi kujera ya ƙi zama, ya ce ya zo gani ne. Ya bi kwamfutocin yana dubawa. Wani ma'aikacin sakateriya na buga takarda, wani malamin asibiti na aika saƙo ga ɗan'uwansa da ke karatu a waje. Malam ya tambaye ni ko ina iya sanin abin da mutum ya buɗe, na ce ina iyawa, na nuna masa yadda muka toshe wuraren banza. Ya gyaɗa kai. Na ji iska ta fara shiga rigar nan, na ce a raina an gama.

Alhaji ne bai iya barin abu ya ƙare lafiya ba. Mutum ne mai son a san ya kashe dukiya a kan abin zamani.

"Kai, nuna wa Malam bana mana," ya ce.

Malam ya juyo. "Bana kuma? Ta bara fa?"

Alhaji ya yi dariya har da riƙe ciki. "A'a Malam, wani abu ne yaron nan ya ƙirƙira. Yana nan zaune, na'urarmu ta Kabo za ta yi masa sallama. Wallahi sallama cikakkiya. Ka ga ai har injinmu ya bi shari'a."

"Ta Kabo?" in ji Malam. "To, mu gani."

Na ce, "Allah gafarta Malam, da safe babu wuta a can, mai yiwuwa ba za ta amsa ba." Na faɗa ne don kada in ji kunya in ta ƙi. Ban san amsawar ce abin tsoro ba. Na zauna, na tattare hannun riga, na aiki ɗan aike. Ya ɗan jima, sai ga rubutu ya fito, fari a kan baƙi.

Idona ya riga bakina. Na karanta layin farko, na gangara na biyu, sai na janye hannuna daga kan kwamfutar.

"Karanta min," in ji Malam.

"Assalamu alaikum," na ce, na tsaya a nan.

"Wa alaikumus salamu wa rahmatullahi wa barakatuhu," Malam ya amsa, a nutse, yana fuskantar allon. Sannan ya ce, "Sauran fa?"

Na sunkuyar da kai. Ba zan iya karantawa ba, ba kuma zan iya yi wa mutumin nan ƙarya yana tsaye a kaina ba. Alhaji ya leƙo ta kafaɗata, ya karanta a zuci, ya yi tari. "Ai gaisuwa ce kawai, Malam, irin ta yara."

"Gaisuwa ta yi tsawo haka?" Malam ya buɗe jakarsa ya ciro tabarau. Da girmansa ya koyi boko, a ajin manya, kuma yadda ya saba da karatun allo haka yake karanta shi, a bayyane, gaɓa-gaɓa, da yatsa a ƙarƙashin kalma. Ya sa yatsan a jikin gilashin ya fara.

"Ba-wa-na. In Ma-lam ya ga-ma du-ba ka, ka ci-re min ri-ga-ta ka-fin ka ci a-bin-ci, ka-da ka ɗi-ga ma-ta man-ja." Ya tsaya ya gyara tabarau. "Hu-lar ma ta-wa ce. A-bin da ya-ke na-ka a ji-kin-ka sai gu-min."

Da ma an yi dariya da na samu sauƙi. Ba wanda ya yi. Ma'aikacin sakateriya ya daina buga takardarsa, malamin asibiti ya ƙura wa allonsa ido kamar an aiko masa da rasuwa. Injin wuta kawai ake ji a baya. Ina zaune a cikin rigar, kuma gumin da aka ambata yana gangarowa ta bayana yana tabbatar da maganar. Na ji kunyar da ban taɓa jin irinta ba, har yau in na tuna sai na runtse ido. Da hular ce kaɗai da na cire, amma ta yaya mutum zai tuɓe riga a gaban wanda yake so ya zama surukinsa?

Malam bai kalli rigar ba ko sau ɗaya. Ya ninke tabarau ya ce, "Kullum take yin sallamar nan?"

"Kullum, Malam."

"Wa yake amsa mata?"

Na ce, "Babu."

"Na'urar ce ta ƙaga, ko mutum ne ya rubuta?"

"Mutum ne."

"To ai sallamar mutum ce. Ana amsawa." Ya nuna allon. "Shi wannan da kake aikawa, shiga yake yi?"

"A'a, Malam. A ƙofa yake tsayawa. Sai ya faɗi suna kafin a gaishe shi, in ya karɓi gaisuwar ya juyo."

"Da wane suna yake zuwa?"

"Da nawa."

"Naka na yanka?"

"Shi, Malam."

"To madalla," ya ce. "Shi dai bai ari na kowa ba."

Ya yi wa Alhaji godiya da addu'ar Allah ya sa albarka a kasuwa, ya ɗauki lemarsa. Dole in raka shi tasha, ba yadda zan yi. Na karɓi jakarsa, muka bi ta tsakiyar gari, yana gaba ina baya, mutane na gaishe shi suna ce min, "Ango, wannan shadda haka?" Ban taɓa sanin tasharmu na da nisa ba sai ranar. Da ya shiga mota ya karɓi jakarsa ya ce, "Allah ya yi albarka," irin wadda yake yi wa kowane yaro da ya ɗaukar masa kaya. Bai ce komai a kan sana'a ba, bai ce komai a kan magabata ba.

Na koma shago na tuɓe rigar a bayan injin wuta, na cusa ta a leda ko ninkewa ban yi ba, na ba direba. Washegari sai ga taubashina a kan babur ɗin aro, ido ya yi ja. Ya ce shi da yammacin Talata ya rubuta, don in gani da safe in yi dariya in rage tsoro, niyyarsa da hantsi ya mayar da na asali. Da safe babu wuta, inji babu mai, ya tafi layin fetur. Yana can a layi wuta ta dawo, na'urar ta tashi da kanta da abin da ke cikinta. Na san gaskiya yake faɗa. Ban bar shi ya ƙarasa ba. Na gaya masa maganganun da ba a gaya wa taubashi, shi da aka halatta masa ya zage ni tun ranar sunana. Ya tsaya ya ji, ya ce, "Ka yi haƙuri," ba tare da ya ce bawana ba, ya hau babur ya tafi. Wannan ma ya ƙara min wata kunyar a kan ta farko.

Asabar ta zo ban je Kabo ba. Wata ta zo ban je ba. Da wace fuska? In sa rigar, an san ta. In sa tawa, an san dalili. Na yanke a raina cewa magana ta mutu, na fara koya wa kaina haƙuri, ba ya koyuwa. Kawuna ya tambaye ni yadda aka yi, na ce Malam ya ga shago. Alhaji kuwa in muka haɗa ido sai ya kama duba rufin ɗaki.

Aiki dai bai tsaya ba. Kowace safiya sai na aiki ɗan aike, don Alhaji zai tambaya. Rubutun asali ya dawo, sallama da gargaɗi, ba tsokana ko ɗaya. Na lura da wani abu a kaina: in sallamar ta fito sai in ji bakina ya motsa, na amsa a hankali yadda ba wanda zai ji. Ban yi niyya ba, amma na kasa bari.

Wata safiyar Alhamis na aike shi ina shan koko, ya dawo da abin da ya sa na ajiye kofin. A karo na farko ba sallama ce a sama ba.

"Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Malam ne ya ce in rubuta, yana tsaye a kaina. Ya ce ran Asabar bayan la'asar ka zo, da rigarka. Ya ce kada in ƙara komai."

Na sake aiken ɗan aike ko kuskure ne, ya dawo da maganar yadda take. Na yi ta tunanin taubashina a zaune, Malam a tsaye a bayansa da tabarau, yana bin kowane harafi da yatsa. Na tausaya masa, na kuma ji daɗi kaɗan, ban da haufi. Amma ban san ko kira ne na alheri ko na sallama ba. Dattijo irin Malam ba ya korar mutum ta bakin wani, sai ya kira ka ya zaunar da kai.

Ran Juma'a da yamma na wanke wadda ta fi dama a rigunana. Da can shuɗiya ce, yanzu ba ta da sunan launi, wuyanta ya fara zare. Na goge ta da dutsen guga na gawayi har sai da na ji tsoron kada ta huje. Ran Asabar na sauka a Kabo, ƙafata ta nufi shago da kanta don sabo, na janyo ta. Taubashina na bakin ƙofa, ya ɗaga min hannu, na ɗaga masa. Na bi layin gidan Malam ina jin kamar kowa ya fito kallo, alhali awaki ne kawai a hanyar.

Na tsaya a ƙofar zaure na yi sallama. Daga ciki aka amsa, aka ce, "Wane ne?" Ya san muryata sarai. Na faɗi sunana. Ya ce, "Shigo."

Yana kan buzunsa da littafi a buɗe. Na zauna a ƙasa nesa da shi, kaina a sunkuye. Bayan gaisuwa ya rufe littafin, wannan karon ya kalli rigata, ya daɗe yana kallo.

"Taubashinka a sahun da ke bayana yake salla duk Juma'a," ya ce. "Ranar da ka fara shigowa zauren nan na gane ta. Akwai ɗan ɗinki a gefen aljihun hagu."

Ashe duk takun nan ɗaya-ɗaya da nake yi, duk ɗaga hannun nan, a gaban wanda ya sani nake yi. Kunyar shago ta zama ƙarama.

"Aro ba haramun ba ne," ya ce. "Da ka ci gaba da zuwa da ita ma ba zan ce maka komai ba. Daina zuwan da ka yi shi ne bai yi min daɗi ba. Yarinya tana ta tambayar ƙannenta ko an ga motar Gwarzo." Ya buɗe littafinsa. "Sana'arka na gani. Ka gaya wa kawunka su zo."

Na yi godiya, ban san da waɗanne kalmomi ba. Ya tashi ya shiga gida, jim kaɗan sai ga 'yarsa da kwanon ruwa. Ta ajiye, ta gaishe ni, ta dubi rigata ta gefen mayafi.

"Yau Asabar ta zo ba Juma'a?" ta ce.

Ban gane ba sai da ta yi min bayani tana danne dariya. A gidansu tun tuni sunan rigar nan Juma'a da Asabar. Innarta ce ta raɗa mata sunan. Har ƙananan yaran gidan sun sani, an dai hana su faɗa.

An ɗaura auren bayan girbi. Taubashina ne babban aboki, kuma shi ya sa shaddar, ni na sa farin yadi da Innata ta ɗinka min. Na zauna da Malam shekaru masu yawa a matsayin suruki, ban taɓa iya haɗa ido da shi ba, mutane na yaba min kunya, ba su san asalinta ba. Shagunan Alhaji sun daɗe da rufewa, an sayar da dogayen ƙarafan.

Da Malam ya rasu, bayan an share makoki, babban ɗansa ya kira ni gefe ya miƙo min ƙunshi. Rigar da Malam ke zuwa idi da ita ce, fara, da ƙamshin turarensa a jiki. Ya ce tun yana kwance ya ware ta da bakinsa, ya ce a ba ni, a kuma gaya min ba aro ba ce. Tana cikin akwatina. Duk salla sai matata ta fito da ita ta shanya ta goge, ni kuma in tsaya in kalle ta, in ɗauko wata in sa.